Yadda Ake Zana Shasin Ƙaramar Motar Tsere da Ƙera Shi da Hannu

Irin motar da wannan bayani ya shafa ita ce ƙaramar mota mai kujera biyu, marar rufi, wadda injinta ke gaba amma tayoyin baya ke tura ta. Asalinta Lotus Seven ce, wadda Colin Chapman ya fitar a Ingila a 1957, yana sayar da ita gutsu-gutsu mai saye ya haɗa abarsa a gida. Kamfanin Caterham ya sayi iznin ci gaba da ƙera ta a 1973, daga baya kuma masu sha'awa suka shiga ƙera irinta tun daga tushe, suna kiranta Locost. Shasinta keji ne na siraran bututan ƙarfe da aka haɗa da walda, kuma duk mai waldar da hannunsa ya faɗa zai iya yin sa. Abin da nake so mai koyo ya riƙe tun yanzu shi ne, ƙarfin wannan shasi yana zuwa ne daga tsarin da aka jera bututan da kuma daidaiton awo. Ƙara kaurin ƙarfe ba ya gyara shasin da aka tsara ba daidai ba, nauyi kawai yake ƙara masa.

Kayan aiki da kayan haɗi

Babban abin da za a saya shi ne bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 25 kowane gefe, mai kaurin jiki milimita 1.6. Mita ɗaya na irinsa bai cika kilo 1.2 ba. Sai mai milimita 19 ko 20 don ramin da farfela, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, ke bi ta tsakiyar mota. Ana bukatar farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 don yanka kunnuwan da ake ɗaura shokozoba da hannayen taya, wato ƙarafan da ke haɗa taya da shasi, da falle mai milimita 1.6 don daɓen ƙasa. Hannayen taya da bakan kariya na bayan direba kuwa ba a yin su sai da zagayayyen bututu marar ɗinki, wato wanda ba a naɗe shi aka bi da walda ba. Notuna su kasance masu lamba 8.8 a kansu.

A kasuwannin ƙarfe irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, yawancin bututun da ke jibge na ƙofofi da kujeru ne, kuma sau da yawa kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba, ko da mai kaya ya kira shi mai kauri. Ka tafi da ma'aunin baniya, wato ɗan ma'aunin kaurin ƙarfe, a aljihunka, ka auna bakin kowane tsayi kafin ka biya. Idan ba a sami mai 1.6 ba, ɗauki mai milimita 2; zai ƙara nauyi, amma ya fi sauƙin walda. Kada a sauka ƙasa da 1.5. A guji bututun da aka yi wa rufin tutiya kamar na famfo, domin hayaƙin waldarsa yana sa zazzaɓi, waldar kuma tana fitowa da ƙananan ramuka.

Kayan aikin su ne injin walda, injin gurza da fayafayan yanka, diril, zarton ƙarfe, tef na ƙarfe, sukwaya, lebur, ma'aunin kusurwa, maƙalai masu matse ƙarfe akalla shida, igiyar magina da ɗan nauyin auna tsayuwa. Injin walda na MIG, wanda ke turo waya da kansa, mai waya milimita 0.8, ya fi dacewa da siririn ƙarfe. Wanda ba shi da shi zai iya aiki da injin sanda, amma da sanda mai milimita 2, ko geji 12 idan ita kaɗai ake samu, a rage wuta sosai. Sandar geji 10 huda bututun za ta yi. Garkuwar fuska, safar hannu ta fata da abin kashe gobara suna cikin lissafi tun ranar farko.

Mataki na 1: Samo motar da za a ciri kayanta

Ba a fara zane sai kayan da shasin zai ɗauka suna ajiye a gabanka: inji, giyabos, farfela, akzul ɗin baya, sitiyari da rak ɗinsa, hob-hob na gaba da birkinsu, lagireto da tayoyi. A Ingila da Ford Escort aka fara, sannan Ford Sierra, yanzu kuma Mazda MX-5, wadda ta fi sauƙi saboda hannayen taya biyu-biyu take da su tun daga kamfani. A wajenmu motocin da tayar baya ke turawa su ne irin su BMW 3 Series, tsohuwar Marsandi 190 da Fijo 504 da 505. Kowace da matsalarta. Injin 504 a kishingiɗe yake, don haka yana cin faɗi, farfelarta kuma a cikin wani bututu take wanda ya haɗe giyabos da baya, abin da zai tilasta sake tsari. BMW da Marsandi kuma ƙafar gabansu doguwar shokozoba ce ke riƙe da ita, sai an ƙera mata wani mahaɗi a injin ledi kafin ta karɓi hannun sama. Inji mai silinda huɗu ya wadatar, tunda motar gaba ɗaya ba za ta wuce kilo 600 zuwa 700 ba.

A auna komai a rubuta: faɗin akzul daga fuskar hob zuwa fuskar hob, tsawon inji da giyabos a haɗe, tsayin inji daga kaskon mai zuwa murfi, da nisan sandar giya daga bayan inji.

Mataki na 2: Zane a ƙasa da gwaji da kara

A share fili mai siminti, a ja layin tsakiya da alli, a ajiye tayoyi huɗu a inda za su zauna. Tazarar tayar gaba da ta baya a irin wannan mota tana tsakanin mita 2.2 zuwa 2.4. Faɗin kuwa akzul ɗin baya ne ke yanke shi, saura kawai a bar akalla milimita 25 tsakanin taya da jikin shasi. Sai wanda zai tuƙa motar ya zauna a ƙasa bisa matashi, ya miƙe ƙafafunsa, a shata inda ɗuwawunsa, gwiwoyinsa da tafin ƙafarsa suka faɗa. Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin ƙafafu, domin giyabos yana cinye wurin, kuma fedoji uku suna bukatar sarari da mutum zai taka ɗaya ba tare da ya haɗa da na kusa ba. A gwada da takalmin da ake tuƙi da shi. Injin a tura shi baya iyakar iyawa, ya kasance gaba ɗayansa yana bayan layin tayoyin gaba, domin nauyi ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya. Tsayin ƙasan mota daga titi, ga hanyoyinmu masu tudun rage gudu da ramuka, ina ganin kada ya gaza milimita 150, kuma kaskon mai kada ya leƙo ƙasa da bututan shasi.

Ilimin da ake bukata a nan kaɗan ne, amma shi ne ginshiƙin aikin. Firam mai kusurwa huɗu, idan aka tura shi ta gefe, yana karkacewa, sai waldar kusurwoyinsa ta ɗauki duk wahalar. Idan aka gitta masa bututu ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ya zama alwatika biyu, kuma alwatika ba ta sauya siffa sai ɗaya daga gefunanta ya miƙe ko ya tanƙware. Bututu yana da ƙarfi matuƙa idan ana jansa ko ana danna shi ta tsawonsa, amma rarrauna ne idan aka dafa masa nauyi a tsakiya. Saboda haka duk inda nauyi zai shiga shasi, wato maɗaurin shokozoba, na hannayen taya, na inji da na bel, ya kamata ya faɗa a mahaɗar da bututu uku ko fiye suka gamu.

Kafin a taɓa ƙarfe, a yi ɗan samfuri da sillen kara ko siraran itace da gam, kowane santimita ɗaya a madadin goma, kamar dai motar karan da yara ke yi. A kama shi gaba da baya a murɗa. Ido zai ga inda yake buɗewa, kuma kusan kullum wurare biyu ne: saman ɗakin inji da saman wurin zama, domin su ne manyan ramukan da ba za a iya gitta musu bututu kai tsaye ba. A ƙara sille ɗaya, a sake murɗawa, a ji bambancin a hannu. Yinin da aka ɓatar kan wannan samfuri ya fi kowane yini amfani a cikin aikin.

Mataki na 3: Teburin gini

Shasi ba ya fin teburin da aka gina shi a kai daidaito. A sami allon katako mai kaurin milimita 18, mai tsawon mita 2.44 da faɗin mita 1.22, a ɗora shi kan firam mai ƙarfi, a bi shi da lebur tsaye, kwance da kuma a gicciye, ana cusa 'yan ɓallin ƙarfe a ƙarƙashi har ya kwanta sumul. Wanda ba shi da dogon lebur ya yi amfani da siririn tiyo mai ruwa a ciki irin na magina. A shafa wa allon farin fenti, a ja layin tsakiya da bakin wuƙa maimakon alli, sannan a zana bututan ƙasa da ainihin girmansu. Kowane awo daga layin tsakiya ake ɗaukarsa da kuma wani layi guda da ya gitta shi a baya. Idan ana aunawa daga bututu zuwa bututu, kuskuren milimita ɗaya-ɗaya zai taru ya zama goma kafin a kai hanci.

Mataki na 4: Yanka da jera bututan ƙasa

A yanka kowane bututu da ɗan rara, a gyara bakinsa da magagari har ya zauna a kan ɗan'uwansa ba tare da giɓin da ya wuce rabin milimita ba. Bututan hagu da na dama a yanka su tare, a haɗa su a tabbatar tsawonsu ɗaya. Giɓin da aka cike da walda yana jan ƙarfe idan ya huce, kuma daga nan karkata ke farawa. A goge mai da baƙin da ke jikin bakin bututu har ƙarfe ya yi fari. A jera su bisa zanen, a dunƙule su da 'yan guntayen katako da aka ɗaure a allo da sukurori ta kowane gefe.

Mataki na 5: Ɗigon walda kawai

A wannan mataki ba a yin cikakkiyar walda ko ɗaya. Ɗigo biyu ko uku a kowace mahaɗa sun isa. Bayan an ɗiga firam ɗin ƙasa, a auna shi a gicciye, daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, sannan akasin haka. Bambancin awon biyu kada ya wuce milimita 2. Idan ya wuce, a fasa ɗigon a gyara nan take.

Daga nan sai a tayar da bututan tsaye, ana riƙe kowanne da sukwaya ko da wani allo da aka yanka daidai kusurwar da ake so, sannan a ɗora bututan sama. Tsayin gefen shasi a irin wannan mota kusan milimita 330 ne. Sai bangon bayan kujeru, da firam ɗin hanci, wanda ya fi kowane sashe wuya domin bututansa sun karkata ta fuska biyu, kuma a jikinsa hannayen tayar gaba za su rataya. Gara a haɗa shi daban a kan ƙaramin allo, a tabbatar da shi, sannan a kawo shi. Bayan haka a ɗauko inji da giyabos a zura su ciki, a tallafe su da katako a tsayin da za su zauna, kafin a gina ramin farfela a kewayensu. A bar tazarar yatsa biyu ko'ina, domin inji yana motsi a kan robobinsa, a kuma tabbatar za a iya fitar da shi, a kwance matatar mai, a cire kik, ba tare da an yanka komai ba.

Mataki na 6: Bututan gicciye

Yanzu ne ake mayar da kowane fili mai kusurwa huɗu alwatika: gefunan ɗakin inji, gefunan wurin zama, bangon baya, ƙasan hanci da fuskarsa. A saman ɗakin inji a ja bututu daga kusurwar hanci zuwa bangon gaban direba ta gefen da inji ya bar hanya. Idan inji ya tare ko'ina, a yi bututun mai kwancewa, mai noti bibbiyu a kowane baki. Kuskuren da na fi gani a wurin masu koyo shi ne su sauke bakin bututun gicciye nesa da mahaɗa, wai don walda ta yi sauƙi. Wanda ya sauka santimita goma daga kusurwa lanƙwasa bututun da ya taka kawai zai riƙa yi, kuma a nan tsagewa za ta fara bayan an yi tafiya. Daɓen ƙasa na falle, idan aka bi gefunansa da gajerun walda a jere, shi ma yana aikin bututun gicciye, yana kuma kare mazauna daga abin da taya za ta watso.

Mataki na 7: Cikakkiyar walda

Kafin a fara, a yi gwaji da guntaye: a haɗa biyu, a matse a bais, a doke su da guduma har su karye. Idan ƙarfen gefen walda ne ya yage, hannu da wuta sun daidaita. Idan waldar ce ta ɓalle ta bar ƙarfe sumul, ba ta shiga ba, kuma bai halatta a ci gaba ba sai an gyara, domin rai ne zai zauna a cikin wannan keji.

Ana walda shasin yana ɗaure a tebur. A yi gefe ɗaya na mahaɗa a hagu, a tsallaka a yi takwararta a dama, a koma baya, a dawo gaba, ana barin kowace ta huce da kanta. Kada a zuba ruwa. Kada kuma a zagaye mahaɗa ɗaya a tashi guda. Bayan an gama duk inda hannu ke kaiwa, a kwance shi, a juya, a yi na ƙasa da irin wannan tsari. Kowane bututu da za a rufe bakinsa biyu a huda masa ɗan rami don iska mai zafi ta fita, a toshe daga baya. Mai injin sanda ya kakkaɓe dattin kowace walda ya duba ta kafin ya wuce. Ba a gurje walda don kwalliya, sai inda falle zai kwanta a kai. Idan aka mayar da shasin tebur aka ga kusurwa ɗaya ta ɗaga da milimita 2 ko 3, wannan ba abin damuwa ba ne, domin mataki na gaba zai shanye shi.

Mataki na 8: Kunnuwan hannayen taya

Dalilin da ya sa ake barin kunnuwa sai ƙarshe shi ne, su ne ke yanke yadda mota za ta tafi, kuma ana so a ɗora su bayan ƙarfe ya gama duk motsin da zai yi. A ɗaure shasin a tebur, a daidaita shi da layin tsakiya, a auna wurin kowane kunne daga tebur da layin, ba daga bututun da ke kusa ba. Kunnuwa biyu na hannu ɗaya a zura musu doguwar sanda mai zare ta ramukansu, a ɗaure su da noti a daidai tazararsu, sannan a ɗiga. Da haka ramukan za su kasance a layi ɗaya.

Hannun ƙasa ya kwanta daidai da titi idan mota tana tsaye da nauyinta. Hannun sama ya fi shi gajarta, kuma bakinsa na ciki ya ɗan yi ƙasa, domin taya ta ci gaba da taka titi da faɗinta idan mota ta kwanta a kwana. Boljoyin na sama a ja shi baya kaɗan da na ƙasa, kimanin digiri 5 zuwa 7, wanda shi ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa. Rak ɗin sitiyari kuma yana da tarko. Idan tsayinsa ko faɗinsa bai dace da hannayen ba, taya za ta riƙa juyawa da kanta duk lokacin da ta hau tudu. Hanyar ganewa ita ce a cire sifirin, a ɗaure doguwar sanda a fuskar hob tana nuna gaba, a ɗaga ƙafar sama da ƙasa da jak. Idan bakin sandar yana kaɗawa hagu da dama, a ɗaga rak ko a sauke shi da 'yan zobban washa har kaɗawar ta kusa ɓacewa, sannan a yi wa maɗaurinsa walda. Sau da yawa sai an rage tsawon rak ɗin, kuma wannan aikin mai injin ledi ne.

A baya, idan akzul ɗin dunƙulalle ne, ana riƙe shi da hannaye huɗu masu tsawo ɗaya, biyu kowane gefe, da wata doguwar sanda a kwance da ke hana shi zamewa gefe. Duk inda noti zai ratsa bututu, a zura masa guntun bututu mai kauri a yi masa walda, in ba haka ba ɗaurin noti zai murƙushe shi.

Mataki na 9: Bakan kariya da maɗaurin bel

Bakan da ke bayan kai a yi shi da bututu marar ɗinki mai milimita 45 da kauri 2.5, ko 50 da kauri 2, a lanƙwasa shi da injin lanƙwasa ba tare da an gasa shi ko ya taƙure ba. Samansa ya wuce kan direba sanye da hular kwano da akalla milimita 50, ya zauna a kan faranti bisa maɗaurin shokozoban baya, da tokara biyu zuwa baya. Maɗaurin bel a kafa shi a jikin bututu tare da faranti mai kauri, ba a jikin fallen daɓe ba. A kuma kewaye farfela da zoben ƙarfe kusa da bakinta na gaba, domin tana juyawa ne dab da cinyar direba.

Mataki na 10: Gwajin murɗa da fenti

A ɗaure bayan shasin ƙam ta maɗauran shokozoba, a ɗora tsakiyar hancinsa a kan ƙarfe mai kaifin baya yadda zai iya jirkicewa, a ɗaure doguwar sanda a gicciye a gaba, a rataya buhun siminti mai kilo 50 a nisan mita ɗaya daga tsakiya. Wannan ya ba da ƙarfin murɗa kusan nyuton-mita 490. A auna yadda sandar ta sauka. A nisan mita ɗaya, saukar milimita 17.5 daidai take da digiri ɗaya. Shasi mai kyau bai kamata ya kai rabin digiri ba da wannan nauyi, kuma da an sauke buhun ya koma inda yake. Idan ya wuce, a matse wani bututu na wucin gadi a inda ake zargi, a sake gwadawa, har a gano filin da ke buɗewa.

Ba a yin fenti sai an haɗa motar gaba ɗaya sau ɗaya, an ɗora maɗauran lagireto, tanki, salansa, batir, fedoji da layin birki, sannan a sake kwance ta. A wanke ƙarfen da tina, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, a bi da fenti mai haske kamar ruwan toka, domin tsagewa tana ɓuya a cikin baƙi. A Birtaniya irin wannan mota ba ta hawa titi sai ta ci jarrabawar da ake kira IVA. A Najeriya kuwa a je ofishin jami'an duba motoci na jiha tun kafin a yi fenti, a ji abin da suke bukata game da lambar shasi, a kuma adana takardun motar da aka ciri injinta da rasiɗin ƙarfen da aka saya.